Baka, Doki da Bindiga: Bitar Littafin Smaldone kan Yaƙi a Daular Sakkwato

Ranar da aka gwabza a Tabkin Kwatto, cikin watan Yunin 1804, dawakin da ke hannun jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ba su wuce 20 ba. Sauran mutane duk a ƙasa suke, kowa da kwarinsa da bakansa: malamai, almajirai, makiyaya da manoman da suka biyo Shehu hijira daga Degel zuwa Gudu. Sarkin Gobir Yunfa ya zo da barade da 'yan lifida da Buzaye masu taya shi, amma shi ne ya juya da baya. Shekara 47 bayan wannan rana, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarimu, ya sauka Kano, ya ƙiyasta cewa Sarkin Kano shi kaɗai yana iya fitar da mahaya 7,000. Tsakanin dawaki 20 da dawaki 7,000 akwai labarin yadda al'umma ta sauya kama gaba ɗaya: wa ya hau, wa ya ci gaba da tafiya a ƙasa, wa kuma ya noma dawar da dokin ya ci.

Wannan labari ne Joseph P. Smaldone ya bi diddiginsa a littafinsa mai suna Warfare in the Sokoto Caliphate, wato sha'anin yaƙi a Daular Sakkwato, wanda maɗaba'ar Jami'ar Kambirij ta Ingila ta buga a 1977. Marubucin Ba'amurke ne, littafin kuma ya samo asali daga binciken digirinsa na uku. Ya kasa shi gida biyu. Kashin farko tarihi ne, daga jajibirin jihadi zuwa faɗuwar Sakkwato a hannun Turawa a 1903. Na biyu nazari ne na abin da yaƙi ya yi wa tsarin mulki da zaman jama'a. Littafin ya doshi shekara 50 da fitowa, amma har yau duk ɗalibin da zai taɓa zancen rundunar daular nan da shi yake farawa. Ina ganin ya cancanci haka. Ina kuma ganin mutanen Magarya da Wurno da Rabah da Goronyo sun fi kowa haƙƙin sanin abin da ke cikinsa, domin da yawa daga abin da yake bayani a kan ƙasarsu aka yi shi.

Abin da ya fara burge ni shi ne tambayar da ya zaɓa. Mun saba jin tarihin jihadi a jere: Kwatto, Tsuntsuwa, Alwasa, sai faɗuwar Alƙalawa a 1808, kowane da jarumansa da shahidansa. Smaldone bai raina wannan ba, amma hankalinsa yana kan wani abu daban. Shi yana so ya san wane irin makami ake riƙewa, nawa ne kuɗinsa, wa ke iya mallakarsa, kuma wa mai riƙe da shi yake yi wa biyayya. Da zarar mai karatu ya kama wannan zare, sai abubuwan da ya daɗe yana ji a warwatse su fara haɗuwa.

Baka makamin kowa ne. Itace ne da tsirkiya, maƙerin ƙauye ya ƙera maka kan kibiya, dafi kuma a haɗa shi da kwankwani daga daji. Saboda haka rundunar farko ba ta da wani aji na musamman da ake kira mayaƙa. Duk wanda ya yi mubaya'a mayaƙi ne, kuma tazarar da ke tsakanin jagora da mabiyi ta ilimi ce, ba ta dukiya ba. Wanda yake son hujja ya dubi Tsuntsuwa, a ƙarshen 1804, inda aka ruwaito an rasa mutum kusan 2,000, a cikinsu da mahaddata Alƙur'ani wajen 200. Irin mutanen da suka fara ɗaukar baka ke nan. Da suka ƙare a fagen fama, waɗanda suka cike gurbinsu ba duka ne suka zo da irin niyyarsu ba.

Daga nan doki ya shigo, kuma a nan ne littafin ya fi ƙarfi. Jama'ar da take kare kanta a daji tana iya dogara da baka, amma daular da ta shimfiɗu daga Gwandu har Adamawa ba za ta tsaru da ƙafa ba. Dole a hau. To, doki ba abin da talaka zai ajiye ba ne. Ingarma daga Azbin ko Barno tsada gare shi, kuma sayensa shi ne ƙaramin aiki. Kullum yana son dawa, yana son harawa da kanwa, yana son mai yanko masa ciyawa da mai share barga. Ga sirdi da likkafa da linzami. Idan aka zo kan lifidi abin ya wuce nan: auduga ce ake cusawa tsakanin ƙyalle biyu, a ɗinke ta layi-layi, a lulluɓe doki tun daga wuya har gwiwa, mahayin ma a sa masa tasa, a kifa masa kwalkwali. Kibiya takan maƙale a ciki ba ta kai fata ba, amma nauyin yakan sa sai an ɗora mutum a kan dokinsa, in ya faɗo kuma sai an ɗaga shi. Irin wannan kaya, da sulken da ake kawowa daga nesa, a taskar sarki ake samunsu, shi ke raba wa wanda ya ga dama, galibi bayinsa da barorinsa.

Marubucin ya nuna yadda abin ya zama zagaye: da doki ake kamo bayi, da bayi ake sayen doki, bayin kuma su ke noma gandun da ke ciyar da dokin. Zan ƙara da abin da kowane almajirin da ya karanta Risala ya sani. A fiƙihun Malikiyya, bayan an cire humusi daga ganima, mai doki rabo uku yake ɗauka, biyu na dokinsa ɗaya nasa, na ƙasa kuwa rabo ɗaya. Hukuncin yana da hikimarsa, don ɗawainiyar doki ba ƙarama ba ce. Sai dai idan aka yi ta fita yaƙi kowace kaka har shekara 30, wanda ya fara da doki zai wayi gari da barga da rinji, wanda ya fara da baka kuwa yana nan da bakansa. Haka aka samu gidajen sarauta na hakimai da madawakai da barade a inda dā jama'a ce guda.

Mutanen zamanin ba su makance da wannan ba. Tun wajen 1807 Malam Abdullahi ƙanen Shehu ya ga yadda son dawaki da riguna da sarauta ya fara shiga zukatan mutane, har ransa ya ɓaci ya bar runduna da nufin wucewa gabas, sai Kanawa suka tsayar da shi, daga baya ya komo. Tawayen Abdussalami na Kware a 1817, shekarar da Shehu ya rasu, shi ma akwai zancen rabon ƙasa a cikinsa. Abin da Smaldone ya ƙara mana shi ne fahimtar cewa ba lalacewar hali kaɗai ba ce ta jawo haka. Makamin da daula ta dogara da shi yana zuwa da irin mutanen da yake buƙata.

Babin da ya fi shafar mutanen gabashin Sakkwato shi ne na tsaro da ribaɗi. Faɗuwar Alƙalawa ba ta kawo ƙarshen Gobir ba, Kabawa ma ba su miƙa wuya ba, ga Buzaye daga arewa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya fita yaƙi da kansa sau fiye da 40, ya kuma gane cewa fita a dawo ba ta tsare iyaka. Sai ya ɗauki dabarar kafa garuruwa masu ganuwa a bakin daga, ya zaunar da mutane, ya ɗora 'ya'yansa da 'yan'uwansa a kansu. Gandi da Shinaka da Lajinge duk cikin wannan tsari suke. Shi kansa bai zauna Sakkwato yana aika umarni ba. Ya zauna Magarya, sannan ya gina Wurno a kan tudun da ke kallon fadamar Rima, a can ya rasu, a can kuma hubbarensa yake. Ɗansa Aliyu Babba ma Wurno ya riƙe, a nan Barth ya zauna wurinsa a 1853. Rabah kuwa ita ce mazaunin wani ɗan nasa, Abubakar, kakan Sardauna Ahmadu Bello.

Ribaɗi ba bariki ba ne, kuma a nan ne hangen Bello ya fito. Gari ne da masallaci da makaranta da alƙali da kasuwa da masu sana'a. Ya yi ta jan hankalin Fulani makiyaya su zauna wuri guda, su rage dogaro da shanu, su kiwata dawaki da raƙuma da tumaki, 'ya'yansu su yi karatu. Wato mutumin da zai tsare iyaka yana da gona a bayan ganuwa, yana da iyali a cikinta, yana kuma ɗaukar zamansa a wurin a matsayin ibada. Bello ya yi rubutu na musamman a kan falalar ribaɗi da gadi. Ni a nawa karatun, ribaɗi shi ne ƙoƙarinsa na hana makami rabuwa da magidanci, a daidai lokacin da doki yake janye shi zuwa hannun 'yan kaɗan.

Akwai shaidar gani da ido daga waɗannan shekaru. Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya bi rundunar Bello zuwa Konya, mazaunin Gobirawa na lokacin, a watan Oktoban 1826, daga baya kuma ya yi ta zuwa wurinsa a Magarya kafin ya mutu a Sakkwato a watan Afrilun 1827. Ya ƙiyasta rundunar da mutum 50,000 zuwa 60,000, mafi yawansu dakarun ƙasa, bindigoginsu kuwa ba su kai 50 ba. Ya ga 'yan lifida sun matsa bakin ganuwa, bindiga guda daga cikin gari ta kayar da na gabansu. Amma wadda ta fi tsaya mini a rai a labarinsa wata tsohuwa ce Bazamfara, baiwar Sarkin Musulmi, a kan doki da malfa a kanta, ta rataya gorunan ruwa a sirdi da tasar tagulla, tana ratsa fagen fama tana shayar da masu rauni da masu ƙishi. Baturen ya ce babu wanda ya fi ta amfani a ranar. Baiwa ce, mace ce, tsohuwa ce, kuma tana tsakiyar daga. Duk wanda zai rubuta tarihin rundunar nan ya kamata ya ba ta wuri.

Mai karatun tarihin Rumawa zai ga kama a nan, kodayake kwatancen nawa ne, ba na marubucin ba. A zamanin jamhuriyar Rum, soja manomi ne mai abin hannu, shi ke sayen kayan yaƙinsa, ya fita ya dawo gonarsa. Su ma sun san dabarar zaunar da mayaƙa a bakin iyaka: a shekara ta 218 kafin Miladiyya suka kafa garuruwan Filasentiya da Kiremona a bakin kogin Po, kowanne da magidanta 6,000. Da yaƙi ya yi nisa, bayan karawarsu da Hanibal da doguwar fafatawa a Sifen, sai soja ya riƙa shekaru bai ga gida ba. Gonaki da yawa suka koma hannun attajirai, bayin da aka kamo a yaƙi suna nomawa. Tiberiyus Girakus ya nemi a sake raba filayen gwamnati ga talakawa a shekara ta 133 kafin Miladiyya, aka kashe shi a shekarar. A 107 Mariyus ya ɗebi marasa ko taƙi guda na gona ya tafi da su yaƙi a arewacin Afirka. Irin wannan soja ba shi da abin komawa sai abin da kwamandansa ya samo masa, don haka biyayyarsa ta karkata ga kwamanda. A 88 Sulla ya juyo da rundunarsa ya afka wa birnin Rum kansa, a 49 Yuliyus Kaisar ya bi sawu, jamhuriya ta tafi ke nan.

Hanyoyin biyu ba ɗaya ba ne. A Rum makami ya gangara ne daga mai gona zuwa marar gona. A ƙasar Hausa ya hau ne daga mai baka zuwa mai doki, daga nan zuwa bayin fada. Amma a duka biyun magidanci mai noma ya daina zama ginshiƙin runduna, kuma a duka biyun ranar da manya suka saɓa, rundunar ta juya cikin gida. Basasar Kano ta 1893 zuwa 1895, wadda ta ɓarke bayan Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur alhali mafi yawan masu ƙarfi suna bayan Yusufu, ta nuna cewa umarnin Sakkwato ba ya tsayar da wanda ke da dawaki da bindigogi.

Zancen bindiga shi ne mataki na uku a littafin, kuma shi ne da'awar da ta fi jawo masa muhawara. Smaldone yana ganin daga wajen 1860 bindigogi sun fara kwarara ta kogin Kwara da ta hamada, sarakuna kuma suka damƙa su ga bayinsu maimakon hakimai, domin bawa ba shi da dangin da zai yi taƙama da su. Ta haka iko ya fara tattaruwa a fada. Hujjojinsa a kan Nufe da Zazzau da Kano masu ƙarfi ne, haka ma misalin Damagaram a zamanin Sarki Tanimu, inda har igwa ake ƙerawa a Zinder. Ya yi adalci da ya ce sauyin bai nuna ba Turawa suka katse shi. Duk da haka ina ganin ya ja zaren fiye da tsawonsa. A Sakkwato kanta da garuruwan ribaɗinta bindiga ba ta taɓa ture doki ba. Ranar 15 ga Maris 1903, a filin Giginya, da takobi da mashi da baka mafi yawan mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka fuskanci bindigogi masu sarrafa kansu.

Akwai wasu wurare biyu da littafin ya gaza, kuma faɗinsu ba ya rage masa daraja. A kashi na biyu ya aro ma'aunan masana zamantakewa na Turai, har ya kira tsarin hakimai da sunan da ake kiran mulkin iyayen ƙasa na Turai a zamanin dā. Rigar ba ta zauna daidai ba. Hakimi a nan ba mamallakin ƙasa ba ne, wakili ne da sarki ke naɗawa ya kuma tuɓe, shi sarkin ma akwai shari'a da Sakkwato a kansa. Sannan, a ganina, ya fi jingina da idon matafiya Turawa da takardun 'yan mulkin mallaka fiye da tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami na mutanen daular. Shi ya sa ake jin motsin runduna sosai amma ba a cika jin muryar mutanenta ba. Bagobirin da aka ci garinsa, bawan da aka zaunar a rinji, matar da aka kamo aka kai gidan da ba ta san harshensa ba, duk suna can gefe. Alhali Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru, tana tura matan da ake kira jaji ƙauyuka suna karantar da mata, a cikin al'ummar da yaƙi ya cakuɗa ta haka. Wannan ma sauyin zamantakewa ne da yaƙi ya haifar, kuma ya fi dawakin daɗewa.

A gefen yabo kuma, dole a ambaci haƙurinsa wajen tattara sunayen kayan yaƙi da muƙaman runduna da Hausa. Yaro a yau yana ganin lifidi da kwalkwali a hawan salla, yana jin Ubandawaki da Sarkin Yaƙi da Shamaki, bai san kowanne aiki ne mai nauyi a dā ba. Littafin yana mayar wa waɗannan sunaye da ma'anarsu. Turancinsa ma ba mai wuya ba ne a kashin farko, sai a na biyu ne yakan yi kauri.

Ba zai yiwu mutum ya karanta babin ribaɗi a yau zuciyarsa ba ta tafi gida ba. Yankin da Bello ya kewaye da garuruwan tsaro shi ne yankin da ya sha hare-haren 'yan bindiga a shekarun nan, daga ƙauyukan gundumar Gandi a watan Yulin 2018 zuwa kasuwar Goronyo a watan Oktoban 2021. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Zamani ya bambanta, abokan gabar ma ba irin na dā ba ne, kuma ba ina cewa a koma gina ganuwa ba. Amma yanzu da jihohin Katsina da Zamfara da Sakkwato suka kafa rundunonin tsaron al'umma, ga kuma 'yan sa-kai a ƙauyuka, tambayoyin Smaldone sun dawo da ransu. Wa ke sayen makamin? Wa ke biyan albashi, kuma in ya yanke me zai faru? Matashin da aka ba bindiga, gari yake yi wa biyayya ko wanda ya ɗauke shi aiki? Yana da gona ko sana'ar da zai koma in ƙura ta lafa? Rumawa sun sha yaƙin basasa na kusan shekara 60 kafin Ogustus ya kafa asusu na musamman don sallamar tsofaffin sojoji a shekara ta 6 Miladiyya. Bello ya fara da gonar da makarantar tun kafin ya miƙa wa mutum tsaron iyaka.

Hukuncina shi ne littafi ne nagari, mai tsari, wanda kurakuransa na wanda ya fara share hanya ne. Ya fi daɗi a karanta shi tare da littafin Murray Last na 1967 kan Daular Sakkwato da kuma Infaƙul Maisuri na Bello, kowanne yana cike giɓin ɗan'uwansa. Babbar matsalarsa a wurinmu ita ce samunsa da wuya, kuma da Turanci yake. Ina kira ga Sashen Tarihi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu su nemi izini su mayar da shi Hausa, ko da babin ribaɗi ne kaɗai a fara da shi, a haɗa da abin da dattawan Magarya da Wurno da Shinaka suka riƙe a ka tun suna da rai, a kai makarantun sakandaren yankin.